Na ce wa ƴata azumi nake yi, alhali tukunya ce ba ta kai ba

Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 34, ina zaune a Garin Malam, nan cikin Damagaram. Shekara 2 ke nan da mutuwar aurena, kuma ƴaƴa uku duk suna hannuna: babbar mace ce mai shekara 11, sai namiji mai 7, sai ƴar auta mai 3. Ɗinki nake yi a ɗaki, ina taɓa kitso. Ranar da Allah ya buɗa in samu jaka 3, galibi jaka 1, wata rana ko dala. In na fidda kuɗin haya da na ruwa, abin da ke zuwa ga abinci bai wuce jaka 8 a mako ba. Kullum da safe nake aike: rabin tiyar hatsi ko kilon shinkafa, mai na dala 20, magi, tumatirin leda, itace. Mai teburin bakin layinmu yana bina jaka 9, har na koma zagayawa ta baya. Uban yaran ɗan kabu-kabu ne, ya yi wani aure, sai ya ga dama yake aiko da jaka 2, ni kuma ba na son in roƙe shi. Innata tana ƙauye wajen Matamai, kullum cewa take in kawo mata yaron ta riƙe. Yaran sun ƙi tuwo, shinkafa da maka, wato makaroni, suke so irin na maƙwabta. Shekaranjiya da rana na zuba musu, babbar ta ce "Mama, ke fa?" Na ce azumi nake. Ta dube ni ta ce "Yau ai Talata ce." Ta turo min kwanonta. Ban yi barci ba daren nan. Yaya, ni ce ban iya tattali ba, ko yaya zan yi?

Ƙanwarki a Garin Malam

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa miki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin komai bari in ɗauke miki wannan tuhumar da kika ɗora wa kanki. Raba jaka 8 gida 7, ki sake raba abin da ya fito tsakanin baki 4: kowannenku bai kai dala 60 a yini ba, kuma cikinsu har da itace. Macen da ta riƙe gida shekara 2 a kan wannan, yara suna zuwa lakwal, ba a kore ta daga ɗakin haya ba, ba za a ce ba ta iya tattali ba. Abin da ke cin kuɗinki yana wani wuri dabam, kuma kin faɗe shi da bakinki: kullum da safe kike aike.

Awon kullum shi ne awo mafi tsada a duniya, kuma talaka ne kaɗai ke yin sa. In kina son ki gani da idonki, ki sami kwalbar lita wadda ba komai ciki. Kwana 10 ki riƙa auna man dala 20 ɗin da ake ɗauro miki a leda, ki sa alama a jikin kwalbar gwargwadon abin da ya taru. Ranar ta 10 kin kashe jaka 1 cif. Sai ki tambayi abin da jaka 1 ke saye in an auna miki a tashi ɗaya. Haka abin yake ga gishiri, da sukari, da sabulu, da ƙullin itace. Ba zaluntarki mai tebur yake yi ba, shi ma a ɗaure-ɗauren nan ribarsa take, amma ke ce kike biyan kuɗin leda da kuɗin ɗauri kowace safiya.

Na san abin da za ki ce: wanda kuɗinsa ke shigowa kullum-kullum, da me zai yi awon mako? Gaskiyarki, ba a tsallakawa rana ɗaya. Abu ɗaya-ɗaya za ki riƙa fiddawa daga aiken safe. Ki sami gwangwani, daga Juma'a zuwa Laraba ki riƙa jefa dala 40 kullum kafin ki aiki yaro ko'ina. Ranar Alhamis, da kasuwar Dole ke ci sosai, kina da jaka 1 da dala 40. Makon farko ki sayi mai kawai. Mako na biyu ba ki sayen mai, don haka dala 20 ɗin nan ta kullum ta koma gwangwani, sai ki ƙara da tiyar wake. Na uku ki haɗa kayan miya busassu: kuka, kuɓewa, kauɗa, tattasai, gabu, daudawa, gishiri mai sinadarin aidin. Na huɗu ki fara sayen hatsin mako gaba ɗaya. Ranar da kika samu jaka 3 kuwa, nan ne jarrabawar take. Zuciyar uwa za ta ce yau a faranta wa yara da nama da lemo. Ki faranta musu da abu kaɗan, sauran ki mai da shi abin da ba ya lalacewa. Kuɗin ɗinkin salla ma haka: kafin su narke a hannu, su zama hatsi a ɗaki.

Ga lissafin da nake so ki riƙe a kanki. Tiyar hatsi wajen kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40. Kin ce rabin tiya kuke ci a yini, ke nan tiya 3 da rabi a mako, buhu ɗaya kuma ya kai ku kwana 80. Duk Badamagare ya san hatsi da wake suna faɗuwa da kaka, daga watan 10 zuwa na 12, su yi ta hawa har su kai ƙololuwa tsakar damina, watan 7 da na 8. Duk tiyar da kika saya da kaka, kin ƙwace ta ne daga bakin tsadar damina. In buhu ya fi ƙarfinki, ku haɗu ku huɗu a unguwa, kowa ta tashi da tiya 10. Wake kuma kada tsoron ƙwari ya hana ki ajiyewa: ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki cika bido mai tsabta har wuya, wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko magani ba, ki toshe bakin da leda ki murɗa marfi. In iska ba ta shiga, ƙwarin mutuwa suke yi. Sai dai ki raba shi a ƙananan bido, don wanda ake buɗewa kullum ba ya tsira. Lokacin sanyi kuma, da kayan garka suka cika gari daga Mirya da Gidimuni, tumatir ya yi arha, ki yanka ki shanya kauɗarki da kanki. Shi ke raba ki da tumatirin leda har damina.

Yanzu tukunya. A ganina yaranki ba tuwo suka ƙi ba, miyar ce ta tsinke. Miyar da aka yi da ruwa da kuka da magi biyu, ko babba haƙuri yake yi da ita. Kuɗin da ke tafiya ga magi ki rage rabinsa ki sa a daudawa da gabu da ɗan busasshen kifi. Ƙananan kifin nan ki daka su lukui har ƙaya, ki ajiye a kwalba, cokali ɗaya ko biyu ya canza ƙamshin tukunya, kuma ya sa wa yara abin gina jiki da ƙashi. Garin ƙuli-ƙuli ma haka: a miyar yakuwa, a kan dambu, a cikin kunu. In dai kin ga gyaɗa ko ƙuli ya yi funfuna ko yana ɗaci, ki zubar, kada ki ji asara, gubar da ke cikinsa hanta take taɓawa kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Shinkafa da maka ba haram ba ne, amma cika ciki suke yi su wuce. Hatsinmu ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma ya fi daɗewa a ciki. Idan aka haɗa hatsi ko shinkafa da wake ko gyaɗa, abin da ɗaya ya rasa na gina jiki ɗayan yana cike shi, shi ya sa gidan da ba ya ganin nama bai kamata ya kwana biyu ba wake ba. Da ni ce ke, ga yadda zan tsara makon. Dare na tuwo ne kusan kullum, miyar ce za ta riƙa juyawa: yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi yakuwa da gyaɗa, gata lalo. Ki tuƙa da ɗan yawa don a samu ɗumamen safe, amma da zafin garin nan sai an ɗumama shi ya yi zafi har tsakiya, miyar kuma ta sake tafasa, in ya canza wari a bar shi. Safiyar da ba ɗumame, kunu mai kauri da garin gyaɗa. Rana kuma: sau biyu shinkafa da wake, waken ya kusan kai shinkafar yawa, sau biyu dambu da zogale, sau ɗaya ɗan wake, sau ɗaya hura da nono tare da kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, duk wanda ke da arha a lokacin. Ranar Juma'a ki bar wa yara su zaɓa, in maka suka ce, maka za a dafa, da shu da albasa a ciki. Yaron da ya san Juma'arsa na nan tafe ba ya yi wa tuwon Talata kuka sosai. Lokacin fara kuwa, ki saya musu in ta yi sauƙi, nama ce sosai, ba abin kunya a cikinta. Ki riƙa matsa ɗan lemon tsami a kan wake ko kwaɗo, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen, shayi kuma a nisanta shi da lokacin cin abinci don shi hanawa yake yi.

Itace ma ciki gare shi. Ki jiƙa wake tun dare, da safe rabin wutar da kika saba ta ishe shi. Shinkafa da wake in sun tafasa sosai, waken ya fara laushi, ki sauke tukunyar a rufe, ki naɗe ta da tsohon bargo ki sa cikin kwali ko kwando, zafinta zai ƙarasa dahuwar kina kan kekenki. Ki rufe tukunya kullum, ki kare murhu daga iska. Niƙa ma ki kai na kwana uku a tashi ɗaya, ki shanya garin ya sha iska.

Ƴar autar nan ita ta fi damuna a maganar abinci. Cikin yaro mai shekara 3 ƙarami ne, ba ya ɗaukar abin da zai ishe shi a zama biyu, kuma in an haɗa ta kwano ɗaya da yayanta mai 7, hannunsa ya fi nata sauri. Ki ware mata nata kwanon, ki ba ta sau huɗu ko biyar a yini ko da kaɗan-kaɗan ne, ki ɗiga mata ƙaramin cokalin mai a kununta. In akwai ƙwai ɗaya a gidan, nata ne. Sau biyu ko uku a mako ya yi. Ki kai ta likitar unguwa a auna damtsenta da igiyar nan mai kore da rawaya da ja, ki tambayi maganin tsutsar ciki da bitamin A. A dokar ƙasarmu, tun 2006 kula da lafiyar yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ce a likitocin gwamnati, ki tafi da karnenta na likita, wato katin lafiyarta. In igiyar ta nuna rawaya ko ja, ko kika ga ƙafafunta sun kumbura, wannan ya wuce gyaran miya, ki bi abin da suka ce a ranar.

Sai maganar da na san ba ki son ji. Ƙanwata, abin da kike kira roƙo ba roƙo ba ne. Aure ya mutu, haihuwa ba ta mutu ba. Ci da sha da suturar yaran nan a wuyan ubansu suke, addini ya faɗa ƙarara, aya ta 233 cikin Suratul Baƙara tana nan, kuma al'ada ba ta saɓa ba. Haƙƙin na yaran ne, ba naki ba ne balle ki yafe shi don kare mutuncinki. Na fahimci zafin da ke cikin abin, ba mace mai son a ce ta koma tana miƙa hannu ga wanda ya sake ta. Amma duk ranar da kika yi shiru, cikinki ne ke biyan bashinsa.

Shi ma mu yi masa adalci. Ɗan kabu-kabu samun yini yake yi kamar ke, ga mai, ga gyara, in mashin ɗin na wani ne ga kuɗin mai shi, ga kuma sabon gida da ke kallon aljihunsa. Mutum irin wannan in aka ce ya kawo jaka 20 ƙarshen wata, zai amsa don kunya ya kasa, daga nan ya fara ɓuya. Kuma maza da yawa suna da wannan zargin na banza, cewa kuɗin da suka aika tsohuwar mata ce za ta yi anko da su. To ki toshe ƙofofin biyu: kada ki nemi kuɗi, ki nemi hatsi. Tiya 2 duk Alhamis, ko buhu ɗaya da kaka da ɗaya kafin damina, ko kuma ya ɗauki wani abu guda sananne, kamar kuɗin da yara ke riƙewa su tafi lakwal. Tiya 2 a mako ta ɗauke miki fiye da rabin hatsin gidan. Kada ki je da kanki, kada kuma ki aiki yarinyar, bai kamata ta zama ƴar aike tsakanin uwa da uba ba. Kawunki ko wanki ya sami wani babba a danginsa, a zauna gaban liman ko mai unguwa, a faɗi adadi da rana, a sami shaidu. In an yi haka sau biyu bai cika ba, akwai alƙali a fadar Sarkin Damagaram inda ake sasanta irin wannan, bayansa kuma akwai kotu. Mai yiwuwa ya ce to a ba shi ƴaƴansa. Ki shirya wa wannan tun yanzu, ki tattauna da manyanki da wani malami da kika yarda da shi kafin zaman, don kada maganar ta zo miki ba zato.

Inna kuwa, tayinta ƙauna ce, kada ki ji kamar tana cewa kin kasa. Ɗa na kowa ne, balle jika. Sai dai ki auna abu biyu. Yaron yana lakwal, shin akwai inda zai ci gaba a can, kuma wa zai sa masa ido? Sannan rumbun ƙauye ma yana ƙarewa da damina, tsohuwa kuma sau da yawa nata take ba jika ta kwana haka, kin ga an mai da azumin ƙarya daga ɗakinki zuwa nata. Ni abin da na fi so, Inna ta zama mai yi miki awo. Ƙasar Matamai ƙasar gyaɗa da wake ce. Da kaka ki aika mata abin da kika tara ta saya miki a farashin ƙauye, ta shanya miki zogale da yakuwa da kuka, a ɗoro a mota. In kuma kina son ki sarara, yaron ya je mata babban hutu da ƴan tiyoyinsa da gidan sauro, ya dawo in an koma lakwal. Idan bayan wata shida abubuwa ba su daidaita ba, ku sake duba maganar riƙon, ba laifi ba ne.

Mai tebur ki daina zagaye shi. Wanda ya ba ki bashi har jaka 9 ya yarda da ke ne, kuma ɓuyar ta fi bashin ɓata masa rai. Ki je da kanki da safe ki gaishe shi, ki ce ka rufe min littafi daga yau, zan riƙa kawo dala 20 kullum. Kwana 90 kin gama. In dala 20 da dala 40 na gwangwani sun yi miki nauyi tare, ki fara da dala 10 wajensa, in dai ba a fashi.

Ki nemi ƙungiyar mata ta asusu a unguwarku, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991 ya bazu ko'ina. Zubin mako ne kaɗan, ana ba da rance cikin akwati, ana rabawa ƙarshen zagaye. Ki roƙa a sa rabon ya faɗo da kaka. Ki kuma sa kunne wajen mai unguwa da damina, lokacin da gwamnati ke fito da cimaka ta hannun OPVN, ofishinta mai kula da rumbunan abinci, a farashi mai rahusa, don kada a gama ba ki ji ba. Za a sami masu ce miki ki ɗora wa babbar talla. Ki ƙi. In za ki ƙara sana'a, ɗan wake ko awara a ƙofar gida ya fi, masu saye su zo su same ki, abin da ya rage kuma yara su ci.

Yarinyar nan mai shekara 11 ta riga ta san komai, tana ƙirga kwanuka kamar yadda kike ƙirgawa. In kika ci gaba da ce mata azumi, abin da za ta koya shi ne mace tana ci ne in kowa ya ƙoshi, kuma za ta fara rage nata a ɓoye, a daidai shekarun da jikinta ke shirin girma yana neman ƙarin jini. Ki zaunar da ita ki ce ranar nan ban faɗa miki gaskiya ba, abincin ne bai kai ba, amma ga abin da muka shirya, kuma neman abinci aikina ne da na babanku, ba naki ba. Ki ba ta riƙon lissafin gwangwani a bayan kayenta, ta raka ki Dole ranar da ba lakwal ta koyi duba hatsi da taya kaya. Ke kuma ki ci. Ƙafarki ke juya keken nan, idonki ke zura zare. In jiri ya kayar da ke mako ɗaya, ba jaka 8 ba ko dala. Tun gobe, in abincin mutum uku ne, a raba shi huɗu, a cike da kwaɗo ko kunu, ki zauna tabarma ɗaya da su. In kina yawan jin jiri ko bugun zuciya, ranar da kika kai auta likita ki ce a duba jininki ke ma.

Ki sake rubuto min bayan Alhamis huɗu. Ina son in ji launin da igiyar ta nuna a hannun auta, da abin da ya rage a littafin mai tebur, da amsar da kawunki ya kawo.